Bindigar da Ta Fitar da Ni daga Sabo

Ni ban shiga Ibadan da ƙafar dama ba. Jirgin ƙasa ya sauke mu da hantsi ana yayyafi, ina rungume da akwatin kayan gyaran agogo, ga ƙunshin tufafina a ka. Tun kafin in gane gabas wani saurayi ya tare ni da Hausa tangaram, ya ce shi ɗan Sabo ne, duk baƙon da ya sauka shi ke kai shi masauki. Ya karɓi ƙunshin don ya rage mini nauyi. Muka kutsa cikin kasuwa, ya sha wata kwana, ni ma na sha, sai na tarar ba shi ba ƙunshin, masu sayar da barkono kawai suna kallona. Akwatin ma ya so in ba shi, Allah ne ya sa na ƙi. Daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a da har yau iyalina ke kuka da ita: duk wanda ya yi mini fara'a, hannunsa nake fara dubawa.

Sabo unguwa ce da baƙo ba ya zama da ƙafarsa. Dole ka sami maigida, wanda zai ba ka ɗaki, ya kuma tsaya maka in magana ta taso, ya ce wannan nawa ne. In ba ka da shi, ko a sahun salla sai an riƙa yi maka kallon daga ina. Nawa maigidan shi ne Alhaji Bawa, dillalin goro, wanda ya san kawuna tun suna samari a Kazaure. Mutum ne mai ƙarancin magana, in kana yi masa bayani ba fuskarka yake kallo ba, ƙafarka yake kallo. Ya ba ni wani ɗan ɗaki a saman bene, ta baya, a kan ɗakin ajiyar goro. Taga ɗaya gare shi, tana kallon tudun Mokola da tarin rufin kwanonsa masu tsatsa.

Abinci daga cikin gida yake fitowa. Uwargidansa, Hajiya Kande, tuwo take sayarwa daga ɗaki, kuma duk zaman da na yi ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, muryarta kawai na sani. Ranar da na fara cin tuwonta da miyar kuka, bayan na sha fama da manja da barkonon garin, sai da na juya wa mutane baya don kada su ga idona. Kewar gida ta dame ni ƙwarai a farkon nan. Ruwa ba ya ɗaukewa, tufafi ba sa bushewa, ga shi ba wanda ya san sunan ubana.

Na kafa teburina a bakin titi, wajen da Sabo ta haɗu da Mokola. A nan na san Baba Salawu. Tsohon soja ne, Bayarabe, ya je yaƙin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a barika ya koyi Hausa, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Aikinsa gadi da share-share a wani fili da ke bayan gari, inda ya ce Turawa da manyan ma'aikata ke zuwa ranar hutu suna wasan harbi. Kullum in ya taso sai ya jingine kekensa ya tsaya a kaina yana kallon hannuna. Ni kuwa sai in jawo akwatin in sa tsakanin ƙafafuna.

Ranar da masu kama tebura suka zo za su ɗauke nawa, shi ya shiga tsakani, ya yi ta zuba musu Yarabanci har suka tafi. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ya kawo mini agbo, wato jiƙonsu na sassaƙe, a cikin kwalba. Kwalbar farko a kwata na tuttular da ita, don ban ga dalilin da zai sa mutum ya so ni haka kawai ba. Da ciwo ya ci ƙarfina na sha ta biyu, na kuwa miƙe. Ya gane abin da na yi da ta farkon, amma bai taɓa tayar da zancen ba.

Haka muke har ƙasa ta rikice. Aka yi juyin mulki, aka sake yi, labarin abin da ya faru da Ibo a Arewa ya iso mu, Ibon da ke Ibadan su ma suka yi ta haɗa kaya suna komawa gida. Da shekara ta juyo, sai magana ta dawo kanmu. Yau a ce za a kori Hausawa daga Jihar Yamma, gobe a ce wai mun tara makamai a cikin huhunan goro. Masu kawo mini agogo suka ragu. Wanda ya saba zama a bencina sai ya tsaya daga nesa ya miƙo hannu. Dattawan unguwa suka yi sanarwa a masallaci cewa kada wanda ya ajiye ko da doguwar wuƙa a ɗaki, domin abin da ake jira ke nan, a sami hujja ɗaya a auka wa unguwa gaba ɗaya. Kowane maigida aka ce ya sa ido a kan baƙinsa.

A cikin wannan hali ne Baba Salawu ya zo wata rana ya ajiye mini wani ɗan ƙarfe a tebur. Baƙi ne, zagayayye kamar maɓallin kwat, da ɗan rami a tsakiya wanda allura ce kawai za ta shige, bayansa kuma da 'yar wuya mai haƙoran ɗauri.

Ya ce, “Mai agogo, kai iya sa wannan?”

Na ce, “Na wane irin agogo ne, Baba?”

Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo. “Ba agogo ba. Ido na bindiga.”

Na ture shi da bakin hantsaki kamar garwashi. Ya zauna ya yi mini bayani. Bindigar wani likita ce, ogansa a filin, ta wasan harbi ce, ba ta farauta ba, ba ta yaƙi ba. A bayanta akwai wannan idon da mai harbi ke leƙawa ya daidaita da ɗan tsinin da ke bakin bindiga. Yana goge ta sai ta suɓuce ta faɗi, idon ya karye, guntunsa ya maƙale a ciki. Ya sami sabo a akwatin kayan, amma mai yi musu gyara Ibo ne, ya tafi. In likita ya dawo daga tafiya ya tarar da ɓarnar, aikinsa ya ƙare, ga tsufa, ga 'ya'ya a makaranta.

Na ce to ya kai ni filin in yi a can. Ya girgiza kai. “Bahaushe ya shiga wurin bindiga yanzu? Kai da ni duka, sai sel na 'yan sanda.”

Na kwana biyu ina juya maganar. Wata zuciyar ta ce tarko ne, a sa bindiga a ɗakin Bahaushe, a turo 'yan sanda, shi ke nan an sami abin da ake nema. Na tuna yadda ya daɗe yana kallon hannuna, na ce ashe kiwona yake yi. Wata kuma ta tuna mini da teburina da kwalbar agbo. Gaskiya ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, amma kunyarsa ta fi ƙarfina. Ban kuma gaya wa Alhaji ba, don na san amsar da zai ba ni.

Ranar Juma'a ya kawo ta, lokacin da kowa ke tafe da tabarma a hamata. Yarbawa ba su cika salla a masallacinmu ba, amma shi an saba ganinsa, don haka ba wanda ya kula da tsawon tabarmarsa. Bayan an sallame muka hau sama. Da ya warware sai na ga abu mai nauyi, bututunta kauri, katakon ya sha hannu har yana sheƙi. Na sa shi ya zare sakatar da ke rufe harsashi ya tafi da ita, na kuma laluba aljihunsa da kaina. Ya ɗaga hannuwa yana murmushi, bai ji haushi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi.

Ya nuna mini yadda ake daidaita ta ba tare da an yi harbi ba. Tun da an cire sakata, bututun a buɗe yake daga baya har gaba. Za ka kafa bindigar ta zauna daram, ka leƙa ta cikin bututun ka sa wani abu mai nisa a tsakiyarsa. Sai ka ɗaga kai kaɗan ka leƙa ta idon, ba tare da ta motsa ba. In tsinin gaba bai hau kan abin nan ba, akwai 'yan maɓallai biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, ka yi ta murɗawa har su haɗu. Ya leƙa tagata, ya nuna wani gida a kan tudu inda aka rataye farar tasa a jikin bango.

Ya ce, “Ga wancan. Nisa nasa daidai da na fili namu.”

Aikin cire guntun shi ya fi cin rai. Na ɗiga masa kananzir na bar shi ya jiƙu. Na sami tsohuwar allurar keken ɗinki na goge bakinta da magagari, na tsaga ɗan layi a kan guntun, na sa mafi ƙanƙantar sukudirebana na riƙa lallaɓa shi baya. Sau biyu yana zamewa. Da ya fito na wanke haƙoran da burushi, na duba da gilashin ido, na ga biyu sun lanƙwashe, na tayar da su a hankali. Hannun da ke riƙe da idon shi ma ya ɗan karkace sakamakon faɗuwar, na naɗe shi da fata don kada ya ji rauni, na miƙar da shi. Sannan na shafa man keke, na ɗaura sabon idon da yatsa, ya shiga sumul. Ba zan ɓoye ba, ina cikin aikin nan na manta da tsoro. Wanda ya ƙera abin nan ya san ƙarfe, kowane murɗi sai ka ji ɗan ƙas, kamar agogo mai lafiya.

Saura daidaitawa, ita kuwa sai da hasken rana. Na zaɓi hantsin Asabar, lokacin da mazan gidan duk sun tafi wajen sauke goro, lungun baya kuma ba kowa. Na leƙa ƙasa sau da yawa. Na jawo tebur jikin taga, na ɗora matashi da buhun ganyen goro, na kwantar da bindigar. Ɗakin ƙarami ne, in zan sami wurin sunkuyawa a bayanta dole bakinta ya ɗan fita waje. Na sa tasar a tsakiyar bututu, na leƙa ido, na ga tsinin ya yi ƙasa ya kuma yi hagu. Na murɗa, na koma bututu, na dawo ido. Na taɓa tebur da gwiwa komai ya wargaje, na sake daga farko. Na daɗe a haka kafin tasar ta zauna a wuri ɗaya ta kowace kafa na leƙa.

Duk lissafina a kan idon maza na yi shi. Ni gwauro ne, baƙo, matan gidan ban ganin su, sai na ɗauka su ma ba sa ganina. Na manta da barandar baya da aka kare da asabari, inda suke shanya.

Baba Salawu ya zo da azahar ya naɗe kayarsa a tabarma, ya leƙa idon sau ɗaya, ya dafa kafaɗata ya tafi. Na yi ajiyar zuciya, na ce an rabu lafiya. Bayan la'asar Alhaji Bawa ya aiko in same shi a ɗakin goro, ya sallami masu ɗauri, ya tura ƙofa.

Ya ce, “Mamman, me ya leƙo ta tagarka ɗazu?”

Ban yi masa ƙarya ba. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga tebur har tasa. Yana saurare yana kallon ƙafata.

“Likitan nan, ka taɓa ganinsa?”

“A'a, Alhaji.”

“Filin fa?”

“Ban taɓa zuwa ba.”

“To ka san abin da ka gyara, amma ba ka san abin da za a yi da shi ba. Gidan da ka auna, ka san na wane ne?”

Na ce ban sani ba. Ya ce gidan wani ɗan siyasa ne, wanda yaransa suka yi ta ƙona motocin mutane lokacin rikicin zaɓe, kuma cikin masu cewa a kore mu ba wanda ya kai shi zafi. Da mutum ɗaya daga gidan ya ɗaga kai ya hango bakin bindiga daga Sabo yana kallonsu, da yanzu ba wannan zancen muke yi ba.

Sai ya tambaye ni, “Kai ka zaɓi gidan, ko shi ya zaɓa maka?”

Sai na hango Baba a raina, a tsaye jikin taga yana nuni da yatsa, na yi ta neman wani abu a fuskarsa da zai gaya mini ko da gangan ne, ban samu ba. A tudun nan kaf ba abin da ya kai tasar fari, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da aka haifa a garin, a ce bai san gidan ba?

Alhaji ya ce, “Ban ce kana da mugun nufi ba. Na san gidanku. Amma an ce kowa ya tsaya wa baƙonsa, ni kuwa in aka tambaye ni gobe, ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce na san abin da ke ɗakinka ba. In na kai maganar gaban dattawa, kafin magariba ta gama unguwa, daga nan ta tsallaka titi. Akwai motar goro da za ta tashi gobe. Ka haɗa kayanka.”

Na roƙe shi. Na ce sai yanzu na fara samun masu kawo mini aiki da sunana, in na koma gida hannu biyu me zan ce wa kawu? Ya ce zai aika masa cewa iskar Kudu ce ba ta karɓe ni ba. Iyakar abin da zai iya yi mini ke nan. Na ji haushinsa a lokacin, na ji haushin Baba, amma wanda na fi jin haushi shi ne wanda ya yi tsegumin, na riƙa bin mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya a raina.

Ban daɗe ina zargi ba. Da safe ina saukowa da akwatina, murya ta fito daga bayan labulen ƙofar cikin gida.

“Mai agogo, tsaya. Kada ka tafi kana zargin kowa. Ni na gan ka, ni na faɗa. Ina da jikoki a gidan nan.”

Na ce, “Ba komai, Hajiya.”

“Da komai mana. Amma ko yau aka sake, haka zan yi. Ungo wannan, hanya da nisa.”

Hannu ya fito da ƙunshin dambun nama da ɗan tulun fura. Na durƙusa na karɓa. Na ɗauki akwatina na fita.

Motar ta tsaya a tashar Ojoo, a bakin gari, tana jiran sauran 'yan rakiyar kaya. Ina zaune a bisa huhunan goro sai na hango keke yana ratso tasha, Baba Salawu ne, ya jiƙe da gumi. Wa ya gaya masa na tafi, wa ya gaya masa motar da na shiga, ban sani ba. Ya kama jikin motar ya miƙo mini wani kwali a ninke.

Ya ce, “Pele, yi haƙuri, ɗana. Ni ya jawo maka. Da sassafe ni ya gwada shi a fili kafin kowa ya zo. Duba aiki naka. Nuna wa Alhaji, ya san takarda kawai muke harbi.”

Na buɗe. Farin kwali ne da zobba baƙaƙe, ɗaya cikin ɗaya, a tsakiya kuma ga ramukan harsashi sun taru wuri guda, har babban yatsana ya rufe su duka. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Na ɗago zan tambaye shi zancen gidan nan na kan tudu, direba ya ta da mota. Baba ya ja da baya yana ɗaga hannu, idonsa ya yi ja, ko don hawaye ko don hayaƙin mota.

Alhaji dai yana bayanmu, mu kuwa Arewa muka nufa. Ba mu yi nisa ba yaron mota ya leƙo ya ce kowa ya shirya, akwai shingen sojoji a gaba, suna zazzage kaya har da aljihu, jiya ma sun sauke wani saboda an ga hoton soja a jakarsa. Na dubi kwalin da ke hannuna. Shi kaɗai ne shaidar da nake da ita cewa ba kisan kai na gyara ba, kuma da shi za a sauke ni a dajin nan ba wanda ya san inda na yi. Baba tsohon soja ne, ya fi ni sanin abin da ke kan hanyar.

Na juya wa sauran baya, na yayyaga shi ƙanana, na riƙa sakin su ta tsakanin katakon mota kaɗan-kaɗan. Tsakiyar na bari a ƙarshe, na ɗan riƙe ta, da na hango gangunan shingen na sake ta ita ma.

Sojan da ya hau motar ya buɗe akwatina da bakin takalmi, ya ga hantsaki da gilashi da tarin agogunan da suka mutu.

Ya ce, “Mene ne aikinka?”

Na ce, “Agogo nake gyarawa.”

“Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai.”

Ya rufe akwatin ya sauka. Ba a jima da isata gida ba yaƙi ya ɓarke, ban kuwa sake taka Ibadan ba. Na tsufa yanzu, kuma duk sallar da na yi nakan sa waɗanda suka taimake ni a baƙunta cikin addu'a. Ina ambaton Alhaji Bawa, ina ambaton Hajiya Kande. In na zo kan Baba Salawu sai in ce Allah ka fi ni saninsa, ka saka masa da abin da ya nufe ni da shi.